Gidajen The Sims da muke saukewa, da waɗanda ba mu gina ba

Tun daga watan Oktoban 2022, lokacin da kamfanin Electronic Arts ya mayar da tushen The Sims 4, wasan kwamfuta na kwaikwayon rayuwa, kyauta (wato ainihin wasan ba tare da ƙare-ƙaren da ake saya ba), duk matashin da ke da kwamfuta da data a Jos zai iya kafa iyali a cikin wasan, ya nema musu aiki, ya kuma zaunar da su a gida. Da yawa ba sa gina gidan da kansu, sai dai su sauke wanda wani ɗan wasa ya gina. Wasu na kiran wannan lalaci, amma ban yarda ba, domin ko a zahiri ba kowane magidanci ne magini ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce taskar Gallery da ke cikin wasan, inda 'yan wasa ke ajiye gidajen da suka gina, mutum ya zaɓi gida ya ɗora shi kai tsaye a kan fili. Wanda ya sauke daga wani shafin intanet kuwa, dole ya kwance fayilolin, ya zuba masu ƙarewa da .trayitem da .blueprint da .bpi a cikin jakar wasan mai suna Tray a kwamfutarsa, ba jakar Mods ba, wadda ta kayan ƙarin da 'yan wasa ke ƙirƙira ce. Sannan ya duba girman fili, domin gidan da aka tsara wa 40x30 ba zai zauna cikakke a 20x15 ba, ya kuma kunna umarnin bb.moveobjects, wanda ke ba da damar ajiye kaya a ko'ina, kafin ɗorawa, don kada kayan da maginin ya cusa a lungu su ɓace.

Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancin gidajen da ke ɗaukar ido an ƙawata su ne da kayan fakitocin ƙari waɗanda ake saya da kuɗin waje. Idan ba ka mallaki fakitin ba, sai gidan ya iso babu wasu tagogi ko kujeru, ko wasan ya musanya su da wasu, ga data ta riga ta tafi. Haka kuma a farkon 2024 an gano manhajar satar bayanai a cikin wasu fayilolin Mods da ake saukewa daga shafukan intanet. Saboda haka ɗalibin da ke wasa da kwamfutar da yake rubuta aikin makaranta a kanta, gara ya tsaya kan gidajen Gallery da aka gina da tushen wasan kaɗai.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne kamannin gidajen. Galibinsu fasalin Amurka da Turai ne, ƙofa na buɗewa cikin falo, farfajiya a buɗe ga duk mai wucewa. Da wuya ka ci karo da zaure inda baƙo zai tsaya ya yi sallama, ko tsakar gida da ɗakuna suka kewaye, alhali katanga da rufin soro da fili marar rufi duk ana iya haɗa su ba tare da sayen komai ba. Mu a Jos ma ba mu da uzuri, tunda a harabar gidan tarihin garin nan akwai sashen gine-ginen gargajiya, har da kwaikwayon masallacin Juma'a na Zariya da ganuwar Kano. Ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Jos da ke buga wasan za su iya ɗaukar tsari daga can, su gina gida da tushen wasan kaɗai, su ɗora shi a Gallery da sunan Hausa domin mai nema ya same shi.