Yaro ya yi wata uku a banki, bai ga yadda ake ba da bashi ba

Ranar Juma'ar da ta wuce ɗan ƙanwata ya kawo mini littafin nan da ɗalibai ke cikewa lokacin horon sanin makamar aiki, wai in duba masa kafin ya miƙa a makaranta. Harkar banki da kuɗi yake karantawa a jami'a, kuma dogon hutun damina ɗin nan kaf ya yi shi ne a wani reshen banki a nan Kano. Na buɗe shafin farko, an rubuta cewa ya taimaka wa kwastomomi cike fom. Mako na biyu, cike fom da gyara layi. Na uku, ɗaukar hoton takardu. Haka na yi ta juyawa har mako na goma sha biyu, abu ɗaya ne ake sauya masa riga. Ƙasan kowane shafi kuwa ga sa hannu ga hatimi, shuɗi shar, kamar an yi wani abin kirki.

Na ce masa, "Kai, a duk zaman nan ka taɓa ganin fayil ɗin mai neman bashi kuwa?"

Ya ce, "Kawu, ai ofishinsu a sama yake. Mu ba a barinmu mu hau."

Abin da aka bar su su yi shi ne fita. A mako na huɗu aka tara su aka ce kowa ya kawo sababbin asusu, aka yanka masa adadi, abin da ma'aikatan ke kira taget. Yaro ya bi Kantin Kwari da Singa rumfa-rumfa da fom a hannu, cikin kwat, ana ruwa ana rana, kuɗin adaidaita sahu daga aljihun uwarsa. Da kasuwa ta ƙi, sai ya juyo kan dangi. Ya buɗe wa kakarsa, ya buɗe wa matan yayyensa. Ni ma na buɗe, don kada a ce kawunsa ya hana shi cika adadi. Asusun yana nan da naira dubu biyu a ciki, ban sake waiwayarsa ba.

Da na nuna ɓacin raina, uwar tasa cewa ta yi, "Haba Yaya, ai ko shara ya yi, a banki ya yi ta. Gobe in ya rubuta a takardar neman aiki wa zai tambaye shi me ya yi?" Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba ita kaɗai ke faɗinta ba. Ku duba Facebook a ƙarshen kowane zango, za ku ga yaranmu da katin shaida rataye a wuya, suna tsaye gaban ƙofar gilashi, suna godiya ga banki bisa damar da ya ba su, iyaye da 'yan uwa na zuba addu'a a ƙasa. Mun yarda cewa shiga ginin ma kaɗai riba ce. Mun mayar da sanyin na'urar sanyaya ɗaki ilimi.

Ba don haka aka kafa tsarin ba. Hukumar ITF mai kula da horon ma'aikata, wadda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarta ke Jos, ta ɓullo da wannan shirin horon ɗalibai mai suna SIWES ne a 1973 saboda masu masana'antu suna kukan cewa waɗanda ke fitowa daga manyan makarantu sun san littafi amma hannunsu bai san aiki ba. Manufar ita ce ɗalibi ya taɓa ainihin aikin da yake karantawa. Mai karatun injiniya ya ga inji a buɗe, mai karatun haɗa magunguna ya tsaya inda ake haɗawa. To mene ne injin banki? Ba kanta ba ce, ba kuma layin masu cire kuɗi ba. Banki yana karɓar ajiyar mutane ne ya ba wasu rance, kuma duk hikimar sana'ar tana wajen gane wanda zai biya da wanda ba zai biya ba. Yadda ake karanta shige da ficen kuɗin ɗan kasuwa, yadda ake ƙiyasta darajar abin da ya jingina, dalilin da zai sa a ba mai shagon atamfa miliyan biyar a hana maƙwabcinsa, abin da ake yi idan bashi ya fara wari. Wanda ya yi wata uku a banki bai leƙa wannan ɗakin ba, daidai yake da wanda ya yi wata uku a gidan mai tuwo yana wanke kwano, bai taɓa ganin yadda ake talge ba.

Za a ce sirrin kwastoma ne ya hana, kamar dai yaron da ake miƙa wa katin shaidar mutane da lambobin BVN ɗinsu ya ɗauki hoto daga safe zuwa yamma ba sirri yake riƙewa ba. Za a kuma ce mu ma haka muka yi a zamaninmu, wanda wannan ba hujja ba ce, ikirari ne na laifi.

Gaskiyar maganar ita ce bankuna sun gano ma'aikata na ɓagas. Kowa ya san yadda harkar ta koma tun bayan haɗewar bankuna ta zamanin da Charles Soludo yake gwamnan Babban Banki, lokacin da aka ɗaga mafi ƙarancin jarin banki zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka dawo 25 a ƙarshen 2005. Da yawa daga cikin waɗanda kake gani a kan kanta yau ba ma'aikatan bankin ba ne, wani kamfani ne ya ɗauko su haya, albashinsu daban, ba su da tabbas, ranar da aka ga dama a sallame su. Ɗalibin horo shi ne matakin da ke ƙasa da wannan. Shi ba a ma biyansa abin kirki, ba ya iya ƙorafi domin sa hannun manaja yake jira, kuma bayan wata uku ko shida wani zai zo ya maye gurbinsa. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha da ke yin shekara guda cur tsakanin ƙaramar difloma da babba, su ne ma suka fi shan wannan, don shekara ta isa a ɗora maka aikin cikakken ma'aikaci ba tare da an kira ka ma'aikaci ba. Alawus ɗin SIWES kuwa shekara da shekaru yana tsaye a naira 2,500 a wata. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, kuma kuɗin mota ya ninka tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan kuɗin ba zai kai yaro daga Rijiyar Zaki zuwa Bompai na mako guda ba. Ke nan uba ne ke biya don ɗansa ya je ya yi wa banki talla. Bankin da a watan Maris na 2024 Babban Banki ya umarce shi ya tara jarin naira biliyan 500 in yana son ci gaba da hulɗa da ƙasashen waje, ko biliyan 200 in na cikin gida ne, wai shi ne talaka ke tallafa wa da kuɗin mota.

Amma ba zaluncin ne ya fi ci mini rai ba. Abin da ya fi damuna namu ne, mu 'yan Arewa.

Kullum muna kukan cewa bankuna suna kwashe ajiyarmu su kai Legas su ba da rance a can. Kukan yana da tushe. Kusan dukkan manyan bankunan kasuwanci hedikwatarsu na Legas, can ake yanke hukuncin manyan basussuka, kuma can kaso mafi tsoka yake zuwa. Bankin Arewa da aka kafa zamanin Sardauna, wanda dogon gininsa ya daɗe yana cikin alamomin Kano, ya narke cikin Unity Bank tun 2006. Da Babban Banki ya ce zai mayar da wasu sassansa Legas a farkon 2024, kun ji irin hayaniyar da aka yi, dattawa da 'yan majalisa kowa na fitar da sanarwa. Na fahimci fushin. Sai dai a cikin masu sanarwar ban ji wanda ya tambayi yaranmu nawa ne ake koya wa aikin tantance bashi ba. Idan mai sayen hatsi a Dawanau, wanda ke juya ɗaruruwan miliyoyi a kaka amma lissafinsa na cikin kansa da wani ɗan littafi mai bangon fata, ya nemi rance, wa zai fassara wa kwamitin da ke zaune a Legas cewa mutumin nan ya fi mai kamfani da takardu amana? Sai wanda ya san Dawanau kuma ya san harshen banki. Irin wannan mutum ba daga sama yake faɗowa ba, a benen nan da aka hana ɗan ƙanwata hawa ake ƙera shi. Sanusi Lamido Sanusi, kafin ya zama shugaban First Bank sannan gwamnan Babban Banki a 2009, ta sashen kula da haɗarin bashi ya taso. Ba ta gyara layi ba.

Ga kuma wata ƙofa da muke da ita muke wasa da ita. 'Yan kasuwarmu da yawa ba sa kusantar rance saboda kuɗin ruwa, kuma tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, an samu bankunan da ke hulɗa ta hanyar murabaha da ijara, inda banki zai sayi kaya ya sayar maka da riba sananniya, ko ya sayi mota ya ba ka haya. Wannan fanni ne da yaron da ya tashi da karatun fiƙihu a zaure yake da fifiko a cikinsa tun daga gida. Ya kamata a ce ɗalibanmu suna rububin koyon yadda ake tsara irin waɗannan yarjejeniyoyi. Maimakon haka, abin alfaharinmu shi ne hoto da katin wuya.

Aikin da ake horar da su a kai ma mutuwa yake yi a gaban idonmu. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 mutane suka koma waya da masu POS. Yarinyar da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin titi da na'urar Moniepoint ko OPay tana yin rabin abin da mai kanta ke yi, kuma buɗe asusu yanzu aikin minti kaɗan ne a waya. Wato muna tura ɗalibin jami'a ya ƙware a kan abin da ba za a buƙaci mutum a kansa ba nan da ya gama bautar ƙasa.

Jami'o'i ma ba za su wanke hannunsu ba. A ƙa'ida malami zai ziyarci ɗalibi a wurin horo ya ga abin da yake yi. Malamin da ya karanta "cike fom" sau goma sha biyu ya ba da maki mai kyau, ya taya banki cin amanar ɗalibinsa ne. Ai ba sai an kafa kwamiti ba. Makaranta ta ce ba za ta karɓi littafin da bai nuna yaro ya zauna a sashen bashi ko na bincike ba, ko da na mako biyu ne. Babban Banki, da ke fitar da takardar umarni kan komai har kan kuɗin cire kuɗi a na'ura, ya fitar da guda ɗaya da za ta hana yanka wa ɗalibi adadin asusu. Iyaye kuma, musamman masu ajiya mai nauyi da manaja ke tashi tsaye in sun shigo, su daina roƙon a "saka" yaro kawai, su faɗi inda suke so a saka shi.

Na mayar wa ɗan ƙanwata littafinsa ban gyara komai ba, don babu ƙarya a ciki. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce, "Kawu, manaja ta ce in na gama makaranta in dawo, wai na iya kawo mutane." Ya faɗa ne da murna. Uwarsa ma ta riga ta sanar da 'yan uwa a waya.