Majalisa ce birkin yaƙi

Masu cewa shugaban ƙasa shi ne babban kwamanda, don haka ya tura soja inda ya ga dama, ku duba sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1999. Ba a kai sojan Najeriya fagen daga a ƙetare sai da amincewar Majalisar Dattawa. Ko barazana ce ta gaggawa, kwana 7 gare shi ya nemi izini.

Ku tuna Agustan 2023, da ECOWAS ta yi barazanar afka wa Nijar bayan hamɓarar da Bazoum. Sanatoci suka ce a bi hanyar sulhu. Wallahi mutanen Jibiya da Illela, masu 'yan uwa a Maraɗi da Ƙonni, su suka san darajar wannan matsayi.