Mun je ɗauko mage, mun dawo hannu rabbana

Assalamu alaikum jama'a. Tun bara 'yata take damuna da maganar mage. Ranar Asabar na gaji, na kama hannunta muka tafi gidan kula da karnuka da kyanwoyi na Battersea a nan Landan, bayan na cike musu takarda ta intanet sun sa mana rana.

Gidan ba na jiya ba ne. Wata mata, Mary Tealby, ta kafa shi a 1860 saboda karnukan da ke yawo ba mai su, sai a 1883 suka fara karɓar kyanwoyi. Muzurun nan Larry da ke fadar Firaminista a Downing Street ma daga nan aka ɗauko shi a 2011.

Kowace mage da ɗan ɗakinta, da bayaninta a rubuce. Ƙananan suna ta tsalle, mutane sun taru a kansu. Can ƙarshen layi muka tarar da wata baƙa, shekararta 9, ta dunƙule cikin kwali, ido kawai ake gani. Mai ita ya rasu, dangi ba wanda ya ɗauka. 'Yata ta tsuguna ta daɗe ba ta motsa ba, har magen ta fito a hankali ta shinshina yatsanta. Ta ɗago ta ce, "Abba, wannan ma marainiya ce."

Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Na tuna unguwarmu ta Fagge, yadda muke jifar baƙar mage muna yara, wai mayya ce ko aljana. Babu babban da ya taɓa tsawata mana.

Sai wata ma'aikaciyar gidan ta zaunar da mu. Haya kuke ko gidanku ne? Mai gidan ya yarda? Awa nawa za ta yi ita kaɗai a rana? Kun shirya wa kuɗin likitan dabbobi? Ta tuna mana mage tana iya kai shekara 15 ko fiye. Kafin su ba ka, sun yi mata rigakafi da aikin hana haihuwa, sun sa mata wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ake gane mai ita da lambarta. Tun 10 ga Yuni 2024 sa wa mage wannan na'urar ya zama doka a Ingila, tarar ƙin yi tana iya kai fam 500.

Duk na amsa, sai ɗaya. Ta ce idan kun yi tafiya, wa zai riƙe ta? Mu kuwa duk hutun bazara Kano muke zuwa, sati 6 cur. Na yi shiru.

Na san abin da wasunku za su ce a ƙasa: mutane na kwana da yunwa a gida, kai kana zancen mage, halin Turawa ya kama ka. Na ji, kuma yunwar gaskiya ce. Amma tambayar da matar nan ta yi min, tun a makarantar allo na san ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda mage: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba har ta mutu. Sahabi Abu Huraira, saboda 'yar kyanwa ya sami laƙabin da duniya ta san shi da shi. Haddar muka yi, aikin muka bar wa wasu. Shi ya sa nake ganin wanda ya ɗauki dabba don yaro ya yi kuka, ya watsar da ita bayan wata biyu, gara ma tun farko bai ɗauka ba. Amana ce mai rai, kuma ba ta da bakin kai ƙara.

A jirgin ƙasa 'yata ba ta ce min uffan ba. Da dare na buga wa maƙwabciyarmu ƙofa, dattijuwa ce mai kyanwoyi biyu, na tambaye ta ko za ta iya riƙe mana idan mun tafi gida. Ta ce in ba ta kwana biyu ta yi shawara. Mai gidan haya kuma na rubuta masa, ina jiran amsa. Yau da asuba na duba shafin gidan Battersea na intanet, hoton baƙar magen yana nan.