Iri 900 da Ladan da Bai Kai Wahalarsa Ba

Abin da ya fi ɓata mini rai a wasannin bidiyo na zamani shi ne yadda ake cika taswira da ƙananan ayyukan da ba dole ba, sannan a bar mai wasa yana jin kamar bai gama komai ba muddin bai tattara su duka ba. Misalin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne The Legend of Zelda: Breath of the Wild, wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a shekarar 2017. An ɓoye ƙananan halittun daji da ake kira Korok har guda 900 a faɗin Hyrule, ƙasar da wasan ke gudana a cikinta, kuma duk wanda ka gano zai ba ka ƙwayar iri guda. Iri 441 kawai ake buƙata domin faɗaɗa ma'ajiyar makamai, bakuna da garkuwoyi har iyakarta, sauran 459 kuwa ba su ƙara maka komai.

Na shafe makonni ina ɗaga dutse bayan dutse a kan tsaunuka ina neman Korok, wani lokaci ina gab da kaiwa ƙololuwa sai ruwan sama ya sauko, Link, jarumin da ake wasa da shi, ya riƙa zamewa har ya faɗo ƙasa, in koma gefe in jira ruwan ya ɗauke. Da na kai wa Hestu, babban Korok ɗin da ke karɓar irin yana faɗaɗa ma'ajiya, irin ƙarshe, sai ya miƙo mini wani dunƙulen zinariya mai siffar tulin kashi, wanda ba a iya sayarwa ko yin faɗa da shi.