Shanya abincin aladu ba ya kawar da gubar fumfuna

Masu kiwo da dama suna zaton cewa da zarar an shanya hatsin da ya yi fumfuna, ko an kakkaɓe shi, ya zama lafiyayye ga aladu. Wannan kuskure ne mai tsada, domin gubar da fumfunar ta riga ta zuba tana nan daram, kuma ko zafin girki ba ya kashe ta.

Gubar aflatoksin, wadda fumfuna nau'in Aspergillus ke samarwa, tana lalata hanta tare da raunana garkuwar jiki. Ita kuwa gubar DON (deoxynivalenol), ta fumfuna nau'in Fusarium, ƙin cin abinci take jawowa, har da amai idan ta yi yawa, sai 'yan aladu su tsumbure alhali ana ciyar da su kullum.