Kan linki na gaskiya, wutsiyarsa ta ɓarayi

Jama'a yau raina a ɓace yake kuma sai na faɗa. Ɗiyar yayata tana aiki a wani ofis nan cikin Katsina, satin da ya wuce aka turo mata imel wai ta shiga ta sabunta bayananta kafin a biya albashi. Yarinyar nan ba sakarya bace, tayi abinda muke ta koya ma mutane shekara da shekaru, ta duba farkon linkin taga adireshin wurin aikinsu ne harafi da harafi. Ta danna, shafin shiga na gaskiya ya buɗe, tasa sunanta da kalmar sirri, sai ga wani shafi sak irin na farko yace kalmar ba daidai bace ta sake. Ta sake. To wannan na biyun na ɓarayi ne. Washegari abokan aikinta suka fara samun saƙo da sunanta wai a ranta mata kuɗi, oga ya kira ta gaban mutane yace sakacinta ne. Bayan isha'i ta iske ni gida Ƙofar Ƙaura idonta jawur tana cewa "Kawu wallahi na duba, sau biyu na duba."

Na amshi wayar na kwafi linkin gaba ɗaya don inga tsawonshi. Kan dai na ofis ne, amma can ƙarshe bayan alamar tambaya an liƙa wani baƙon adireshi an ɓadda shi da alamun % da lambobi, ko ni da nake wannan aikin sai da na natsu kafin na gane.

Ga yadda abin yake. Manyan ma'aikatu yanzu ƙofa ɗaya suke yi, manhaja guda ke tantance ma'aikaci sai ta buɗe mashi imel da shafin albashi da fayiloli duka, irinsu Okta da Keycloak da Microsoft Entra ID aikinsu kenan. In ka gama shiga dole ta maida ka inda ka fito, kuma adireshin komawar a wutsiyar linki yake tafiya. In ba'a sa ta duba wutsiyar ba duk inda aka rubuta can zata kai ka, kamar maigadin da ya sanka ka sanshi amma duk takardar da aka miƙa mashi sai ya kama hannunka ya raka ka gidan da aka rubuta ko na waye. Mi zai sa ka zargi maigadinku? Masana sun ba wannan ɓarakar lamba CWE-601 a kundin da suke jera nau'o'in ɓarakar manhaja. Kuma wani lokacin abin ya wuce satar kalmar sirri, don a tsarin OAuth, wato ƙa'idar da irin waɗannan ƙofofin ke bi wajen ba sauran manhajoji izinin shiga, ita shedar shigar ake aikawa can adireshin komawa, in ta faɗa hannun ɓarawo ko lambar nan da ake turo maka a waya ba lallai ta cece ka ba, tunda kai da kanka ka riga ka sa ta a shafin gaskiya.

Abinda ya fi ci mani rai mu 'yan kwamfuta mun raina matsalar nan. OWASP, ƙungiyar masana tsaron manhajojin intanet, ta sa ta a matsayi na goma a jerin manyan haɗurranta goma na 2010 da 2013, a 2017 ta fita daga goman, shikenan sai wasu suka ɗauka ta mutu. Google ma da ke biyan masu gano mashi ɓaraka, galibi baya biyan lada in ka kai rahoton irinta ita kaɗai. To a shafin labarai ƙila ƙarama ce, amma a ƙofar da ke riƙe da makullin ma'aikata duka? Ko Keycloak an samu irin wannan ɓaraka wajen duba adireshin komawa, aka yi mata rajista da lamba CVE-2023-6291, masu manhajar suka fitar da gyara, amma gyara sai an ɗora shi, kuma na sha ganin saba, wato babbar kwamfutar da ake ɗora irin wannan manhajar, da tun ranar da ɗan kwangila ya haɗa ta ya amshi kuɗinshi ba wanda ya sake taɓa ta.

Maganin kuma ba tsada gare shi ba. A rubuta adireshin da aka yarda dasu, a kwatanta su cif cif, banda alamar tauraro mai cewa kowa ya shigo. Ƙa'idar tsaron OAuth mai lamba RFC 9700 da ta fito a Janairun 2025 haka tace a yi.

Na nuna ma ɗiyar tawa duk randa shafi yace ta sake sa kalmar sirri ta ɗaga ido ta kalli adireshin sama tukunna, ko ta rufe ta rubuta adireshin da hannunta. Na kuma rubuta ma mai kula da kwamfutocin ofis ɗin bayani dalla dalla har da hoto, yace min "Malam za'a duba insha Allah." Takardar gargaɗin da aka ba ta tana nan cikin fayil ɗinta. Yau da safe na sake duba linkin a wayata, har yanzu yana kai mutum wancan shafin.