Rigimar Amurka da Sin a teku: a bar ƙirgan jirage, a dubi duwatsu

Jama'a, duk ranar da aka saki bidiyon jirgin yaƙin Sin ya gitta gaban na Amurka, sai majalisun Kaduna su dare gida biyu kamar ana musun ƙwallo. Wannan ya ce Amurka na da manyan jiragen ruwa masu dakon jiragen sama guda 11, Sin na da 3 kacal, magana ta ƙare. Wancan ya ce ai yanzu babu ƙasar da ta kai Sin yawan jiragen ruwan yaƙi. Kowa gaskiya ya faɗa, amma an bar jaki ana dukan taiki. A ganina, in har wuta za ta tashi a Tekun Kudancin Sin, daga kan wani ɗan dutse za ta tashi, wanda ko tabarmar sallah ba za a iya shimfiɗawa a kansa ba idan ruwa ya cika.

Duk mai bi ta gadar Kogin Kaduna ya san da rani duwatsu ke fitowa fili a tsakiyar ruwa, Agusta na kamawa kuma ruwa ya shanye wasu, wasu su rage kai kawai. A teku wannan cika da janyewa kullum ake yin su, kuma a kansu aka gina doka. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a 1982 ta fara aiki a 1994, ta ba kowace ƙasa mil 12 daga gaɓarta a matsayin ruwanta na kanta, sai mil 200 da kifi da mai da gas ɗin cikinsu nata ne, amma hanya ta kowa ce. Mil ɗin teku mita 1,852 ne. Ke nan mil 12 kusan kilomita 22 ne, mil 200 kuwa kilomita 370, wato kamar ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja ka dawo.

Abin da ya fito a tsakiyar teku kuma kashi uku dokar ta raba shi. Tsibiri na gaske, wanda mutane za su iya rayuwa a kansa da abin da ke cikinsa, yana samun mil 12 da mil 200 duka. Dutsen da kansa ke waje ko da ruwa ya cika, amma ba ya iya riƙe mutane, mil 12 kawai yake samu. Wanda ruwa ke rufewa idan teku ta cika ba shi da ruwan kansa ko taku ɗaya. Idan ka zuba yashi da kankare a kansa, abin da doka ta ba ka bai wuce zagayen kariya na mita 500 ba. Yanzu a yi lissafi. Zagayen mil 12 yana ba da kusan murabba'in kilomita 1,550. Zagayen mil 200 yana ba da kusan 430,000, kamar jihar Kaduna sau tara, ɗan kaɗan ya rage ya kai rabin Najeriya. Tsakanin kalmar "dutse" da kalmar "tsibiri" ke nan. Shi ya sa ake aika injiniya da soja kan wurin da ko rijiya babu.

Sin ba da wannan ma'aunin kaɗai take awo ba. Tana da taswira mai ɗigo-ɗigo da gwamnatin da ta gabaci 'yan gurguzu ta fitar a 1947 da zane 11, daga baya aka mayar da su 9, kuma a 2009 ta miƙa ta ga Majalisar Ɗinkin Duniya. Layin ya lanƙwasa kamar harshen saniya, ya lashe mafi yawan tekun, ya shiga cikin mil 200 na Filifin da Biyetnam da Malesiya da Burunai. Yadda take bin sa kuwa duk manomi ya san salon. Maƙwabcin da ke cin iyaka ba ya tuge gamba rana ɗaya. Bana ya ci kunya ɗaya, baɗi ɗaya, kowacce ba ta kai a je gaban dagaci ba, sai an wayi gari rabin gona ya tafi. A 1974 ta karɓe ragowar tsibiran Paracel daga Biyetnam ta Kudu da faɗa. A 1988 aka yi arangama a dutsen Johnson South da ke rukunin duwatsun Spratly, sojojin Biyetnam 64 suka mutu. A 1995 ta kafa rumfuna a dutsen Mischief ta ce mafakar masunta ce. A 2012 ta riƙe dutsen Scarborough, kusan kilomita 220 daga tsibirin Luzon na Filifin. Daga ƙarshen 2013 kuma sai jiragen yashe suka iso: na'ura mai haƙora tana niƙa murjanin ƙarƙashin ruwa, famfo ya zuƙo shi da yashi, bututu ya feso shi kan dutsen, a daddaɓe, a kewaye da katangar kankare. Cikin 'yan shekaru an samar da fiye da eka 3,000 na sabuwar ƙasa a wurare bakwai na Spratly, uku daga ciki (Fiery Cross, Subi da Mischief) da titin saukar jirgin sama mai tsawon kusan mita 3,000. Mafakar masunta ta zama bariki.

Filifin ta kai ƙara a 2013. Ranar 12 ga Yuli 2016, watan da aka buɗe jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da kamfanin Sin ya gina, kotun sasanci a birnin Heg na ƙasar Holan ta yanke cewa layin nan ba shi da tushe a doka, babu tsibiri na gaske ko ɗaya a rukunin Spratly, kuma Mischief irin dutsen da ruwa ke rufewa ne, yana cikin mil 200 na Filifin. Sin ba ta halarci shari'ar ba, ta kuma ce hukuncin bai hau kanta ba.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa: Amurka ba ta da'awar mallakar ko dutse ɗaya a wurin. Rigimarta a kan hanya ce. Ita ta ce jirgin yaƙi na iya wucewa ta cikin mil 12 na kowa ba tare da neman izini ba, muddin wucewar lumana ce, wato kai tsaye, ba tsayawa, ba atisaye, ba tashin jirgi mai saukar ungulu, ba leƙen asiri. A cikin mil 200 kuma ta ce tana iya atisaye da leƙen asiri yadda ta ga dama. Sin ta ce a'a ga duka biyun. Don haka kowane motsin jirgi magana ce ta shari'a. A Oktoban 2015 jirgin yaƙin Amurka mai suna Lassen ya bi ta kusa da Subi salin-alin, sai masana doka a Amurka kanta suka yi ta ƙorafi cewa wucewar lumana tamkar amincewa ce cewa ruwan na wani ne. Da jirgin Dewey na Amurka ya je Mischief a Mayun 2017, sai ya yi atisayen ceto wanda ya faɗa ruwa a cikin mil 12 ɗin, da gangan, don ya nuna cewa nan teku ce ta kowa.

Sai dai wanzami ba ya son jarfa. Amurkar da ke yawo da wannan doka a hannu har yau majalisar dattawanta ba ta amince da yarjejeniyar ba, kuma da kotun duniya ta same ta da laifi a 1986 kan dasa nakiyoyi a tashoshin ruwan Nikaraguwa, ƙafa ta sa ta shure hukuncin. Sin ta amince da yarjejeniyar tun 1996, ga yadda ta yi da nata hukuncin, kuma ita da ke hana leƙen asiri a mil 200 nata ta tura jirgin leƙen asiri kusa da Hawai a 2014. Ni ban ga malami a cikinsu ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne tazara. Jirgin ruwa ba shi da birki. A Satumban 2018 jirgin Lanzhou na Sin ya matso jirgin Decatur na Amurka har tsakaninsu bai wuce mita 41 ba, alhali tsawon Decatur ya haura mita 150. Jirgin da ke gudun kilomita 28 a awa yana cinye mita 41 cikin daƙiƙa biyar da ɗoriya. Ga kuma wani abu da matuƙa suka sani: manyan jirage biyu idan suka jera kusa da juna suna gudu, ruwan da ke tsakaninsu yana ƙara sauri, ƙarfin dannawarsa ya ragu, sai su riƙa janyo juna ko babu wanda ya murɗa sitiyari. A sama ma an taɓa gani. Ranar 1 ga Afrilu 2001 jirgin yaƙin Sin ya gogi jirgin leƙen asirin Amurka kusa da tsibirin Hainan na Sin, matuƙin Sin Wang Wei ya mutu, Amurkawa 24 suka kwana 11 a tsare. Wancan lokacin Sin ba ta da ƙarfin da take da shi yau.

An yi ƙa'idar haɗuwar ba-zata a teku a 2014, wadda ta tsara yadda jiragen yaƙi za su yi magana ta rediyo, ta kuma ja kunne kan saita na'urar harbi a kan juna. Matsala biyu gare ta. Ba ta da tilas, kuma jiragen sojan ruwa ta shafa. Mafi yawan turereniyar kuwa fararen jirage ke yin ta, wato masu gadin gaɓa, tare da jiragen kamun kifi da ke karɓar umarni. Sin na da jirgin gadin gaɓa mai tsawon mita 165, ya fi Decatur tsawo, kuma tun 2021 dokarta ta ba su damar amfani da makami. Aikinsu tare hanya, bangaza, da feshin ruwa irin na motar ruwan zafin 'yan sanda, sai dai wannan yana fasa gilashin ɗakin tuƙi ya lalata na'urori. Hikimar ita ce a tsaya ƙasa da abin da za a kira harin makami, domin yarjejeniyar tsaro ta 1951 ta ɗaure Amurka ta taimaki Filifin idan aka kai mata hari. Wasan da ake yi da mita goma-goma kuma yana iya cin mai shi. A Agustan 2025, jirgin sojan ruwan Sin da na gadin gaɓarta suka yi karo da juna suna bin jirgin Filifin kusa da Scarborough, gaban na gadin gaɓar ya rugurguje.

Masu son ƙirga makamai, ga naku a taƙaice. Sin na da makamai masu linzami na kakkaɓo jiragen ruwa daga tudu, DF-21D mai cin kusan kilomita 1,500 da DF-26 mai cin kusan 4,000, don tilasta wa manyan jiragen Amurka tsayawa nesa. Amurka ta fi ƙarfi a ƙarƙashin ruwa, tana da sansanoni a Japan da Guwam, da izinin amfani da wurare tara a Filifin. Tsibiran kankaren nan kuwa ba sa motsi, kowa ya san inda suke, gishiri na cin ƙarfensu, kuma Mischief ya fi kilomita 1,000 daga Hainan. Amfaninsu ya fi yawa a lokacin zaman lafiya, wurin shan mai da sa ido.

To mu ina ruwanmu? Faifan sola da batir da wayar hannu da kayan gyaran babur da ke cike Kasuwar Sheikh Gumi da shagunan titin Ahmadu Bello, yawancinsu daga tashoshin Sin suke tasowa, su ratsa wannan tekun, su bi mashigin Malaka, kafin su iso Legas. Ba sai an nutsar da jirgi ko ɗaya ba. Da kamfanonin inshora sun sa yankin cikin wuraren haɗarin yaƙi, kuɗin kwantena ya tashi, masu jirage su zagaya ta mashigan Indunusiya, kwanaki su ƙaru, Alhajin da ya yi oda da bashin banki ya ɗora a kan mai saye. Mun ga samfuri a Bahar Maliya tun ƙarshen 2023, da aka fara kai wa jiragen kasuwanci hari. Sojan ruwanmu ma ƙafa biyu gare shi: NNS Thunder da NNS Okpabana tsofaffin jiragen gadin gaɓar Amurka ne, NNS Centenary da NNS Unity kuwa ƙirar Sin ne. Kowanne da inda kayan gyaransa ke fitowa.

Saboda haka nake ganin masu neman Najeriya ta ɗauki ɓangare ba su yi lissafi ba. Ƙasar da man feturinta ke cikin teku, wadda ba ta da jiragen da za su tsare kowane taku na mil 200 ɗinta, dokar nan ce katangarta. Mun biya kuɗinta da tsada: kotun duniya ta ba Kamaru Bakassi a Oktoban 2002, aka sa hannu kan yarjejeniyar miƙa shi a Greentree ta Amurka a 2006, muka kammala miƙawa a Agustan 2008, da ciwo da komai. Da Sawo Tome kuma muka yi yankin haƙa na haɗin gwiwa a 2001, kashi 60 namu, 40 nasu. Wanda ya yi wannan yana da bakin da zai ce wa Beijin ta mutunta hukuncin 2016, ya juya ya ce wa Washinton ta shiga yarjejeniyar da take wa'azi da ita, a zama ɗaya.

Mai son bin labarin nan da idon basira ya sa ido a dutsen Second Thomas, kusan kilomita 200 daga tsibirin Palawan na Filifin. A 1999 Filifin ta kafe wani tsohon jirgi na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu mai suna Sierra Madre a kan dutsen da gangan, ta zuba 'yan tsirarun sojoji a ciki. Har yanzu yana cikin jerin jiragen sojanta, don haka taɓa shi taɓa yarjejeniyar 1951 ne. Sin na barin abinci da ruwa su wuce wani lokaci, amma siminti da ƙarfe take hanawa. A Yunin 2024 aka yi dambe a kan ƙananan jiragen kai kaya har wani sojan Filifin ya rasa babban yatsa, wata guda bayan nan suka yi wata fahimta ta wucin gadi kan kai kayan. Jirgin kuwa tsatsa na ci gaba da cin sa, ɓangare ɗaya na jiran ya ruguje, ɗayan na yi masa faci.